Kira Ga Matasan Damagaram: Mu Fara Lissafin Ruwan Ƙarƙashin Ƙasarmu da Manhajojin Kyauta

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da ɗalibanmu masu karatun ilimin ƙasa da na ruwa, da kuma ma'aikatan da ke kula da rijiyoyi da foraj a jihar Damagaram, kan wani aiki da na daɗe ina ganin mun bar wa baƙi, alhali kayan yinsa suna nan kyauta ga duk mai kwamfuta da haƙurin koyo.

Duk wanda ya tashi a Zinder ya san ƙarar jarkoki a layin famfo tun kafin kiran assalatu, ya kuma san yadda kuɗin ruwa ke tashi a hannun 'yan garuwa idan bazara ta tsananta a watannin Afrilu da Mayu. Garinmu yana zaune ne a kan kwantaccen dutse, irin manyan duwatsun nan da ake gani a Birni, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa da kuma ɓangarensa na sama da ya ruɓe. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, kuma har yau ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya ta kudu, da Arunguza da Ganaram ta arewa. Saboda wannan tarihi, duk maganarmu a kan ruwa ta koma maganar yawa: ya zo ko bai zo ba, lita nawa, jarka nawa. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce abin da ke narke cikin ruwan, inda ya samo shi, da inda zai kai shi nan da shekara goma. A kan wannan tambaya nake rubuto wannan wasiƙa.

Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa yana tafiya a hankali tsakanin ƙwayoyin rairayi da tsagogin dutse, kuma a kan hanyarsa yana cinikayya da duk abin da ya taɓa. Yana narkar da wani ma'adini, yana zubar da wani, yumɓu yana karɓe masa kalsiyam ya ba shi sodiyam, ƙananan halittu suna cinye iskar oksijin da ke cikinsa har sinadarin ƙarfe ya samu damar narkewa. Manoma da masu haƙar rijiya sun san sakamakon wannan ciniki tun kafin a ba shi suna a makaranta, domin su ne ke cewa rijiyar nan mai zartsi ce, waccan ruwanta da gardi, ta can kuwa ruwan kanwa ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma ilimin da nake magana a kai hanya ce ta bin diddigin dalilin tsamin da lissafi, ta haɗa tafiyar ruwa da sauyin sinadarai wuri guda a cikin kwamfuta, domin a iya kwaikwayon abin da ke faruwa a inda ido ba ya kaiwa.

Ga misali da alƙaluma na zato, domin a ga amfanin abin. Tun 1856 injiniya Henry Darcy na garin Dijon a Faransa ya nuna cewa gudun ruwa cikin rairayi ya dogara ga sauƙin ratsa rairayin da kuma gangaren saman ruwan. A ɗauka rairayin wata unguwa yana ba ruwa damar ratsa mita 10 a yini, saman ruwan yana gangarawa mita 2 cikin kowane mita 1000, kuma gurbin da ruwa ke bi kashi 20 ne cikin 100 na rairayin. Lissafi zai ba da santimita 10 a yini. Idan akwai salga a nisan mita 30 ta sama da wata rijiya, nitrat ɗin da ya fito daga salgar, wanda ba ya manne wa ƙasa, zai isa rijiyar cikin kwana 300. Amoniyam kuwa, da yake yumɓu yana kama shi yana saki, idan jinkirinsa ya ninka biyar sai ya shafe fiye da shekara huɗu kafin ya isa. Idan kuma a tsakiyar hanya akwai baƙar laka marar iska mai ɗauke da ruɓaɓɓen ganye, ƙananan halittu na iya mayar da nitrat ɗin iskar naitirojin, ya ɓace kafin ya kai ga guga. Salga ɗaya, rijiya ɗaya, amma amsar ta bambanta gwargwadon abin da ke tsakaninsu, kuma da zarar sinadaran sun kai goma suna shafar juna, alƙalami da takarda ba sa iya ɗaukar lissafin.

Kada wani ya ɗauka wannan ilimin nishaɗi ne na masu manyan digiri. A Tibiri ta jihar Maradi, wani foraj da aka fara sha daga tsakiyar shekarun 1980 ya yi shekaru yana ba mutane ruwa mai yawan fulorayid, har ɗaruruwan yara suka samu lanƙwashewar ƙashi da lalacewar haƙora kafin a gano tushen cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fulorayid a miligiram 1.5 cikin lita, ta nitrat kuma miligiram 50. Abin da ya kamata ya tsayar da hankalinmu a Damagaram shi ne yadda fulorayid ke hawa. Ma'adinin fulorait haɗin kalsiyam ne da fulorayid, kuma muddin ruwa na da kalsiyam mai yawa, wannan ma'adini ba ya narkewa sosai. Amma idan ruwa ya zama mai kanwa, wato sodiyam da bikarbonat suka yi rinjaye, kalsiyam yakan zube ya zama farar ƙasa ko yumɓu ya shanye shi, sai ƙofa ta buɗe wa fulorayid. Mu kuwa muna da duwatsu irin waɗanda kan ɗauki wannan ma'adini, muna kuma da fadamun kanwa a gabashin jihar, wajen Gidimuni da Gure. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kowane sabon foraj a gwada ruwansa, a kuma lissafa inda sinadaransa suka dosa.

A da, babban uzurinmu shi ne tsada, domin lasisin wasu manhajojin kasuwa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, har ma da na sashen jami'a. Wannan uzuri ya faɗi. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda ake kira USGS, ta daɗe tana sakin manhajojinta kyauta tare da rubutun tushensu, ta yadda kowa zai iya saukewa, ya duba yadda aka gina lissafin, ya gyara idan yana da iko. Daga cikinsu akwai MODFLOW, wadda Michael McDonald da Arlen Harbaugh suka fitar a 1984 domin lissafin tafiyar ruwa, sabon zubinta mai lamba 6 kuma ya fito a 2017. Akwai PHREEQC ta lissafin sinadarai, wadda David Parkhurst ya fara fitarwa a 1995, shi da Tony Appelo na ƙasar Holan suka faɗaɗa ta a 1999, zubi na uku ya biyo baya a 2013. Chunmiao Zheng da abokin aikinsa sun samar da MT3DMS mai bin sawun sinadari a cikin ruwan da MODFLOW ta lissafa, daga baya Henning Prommer ya ɗaura ta da PHREEQC aka samu PHT3D. USGS ɗin ma tana da PHAST mai irin wannan haɗi. Can sama kuma akwai PFLOTRAN da aka gina a cibiyoyin binciken makamashi na Amurka domin manyan kwamfutoci masu aiki tare, da OpenGeoSys ta cibiyar Helmholtz da ke Laifzig a Jamus.

Jin waɗannan sunaye da yawa shi ke rikita mai farawa, kuma na sha ganin matashi mai ƙwazo ya faɗa wa PFLOTRAN tun ranar farko saboda ya ga hotunanta masu launi a intanet, ya ƙare mako uku yana fama da girka ta a kan tsarin kwamfuta na Linux, daga nan ya yanke cewa ilimin ya fi ƙarfinsa. Shawarata ɗaya ce, kuma ita ce zuciyar wannan wasiƙa: a fara da PHREEQC da takardar gwajin rijiya ɗaya tak. Manhajar ƙarama ce, tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma lissafi ɗaya yakan ƙare kafin a ɗauke wuta. Littafin jagorarta na zubi na uku yana ɗauke da misalai 22 da aka warware, kuma wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana canza alƙaluma yana kallon abin da ya sauya, ya yi karatun da ya fi na wata shida a aji.

Aikin farko shi ne shigar da gwajin ruwa a ƙarƙashin kalmar SOLUTION, wato zafin ruwan, da ma'aunin tsaminsa na pH, da yawan kalsiyam, magniziyam, sodiyam, fotasiyam, bikarbonat, kulorayid, salfat, nitrat da fulorayid. Abu na farko da za a duba a sakamakon shi ne daidaiton caji. Ruwa ba shi da rarar lantarki, saboda haka sinadarai masu caji mai kyau dole su yi kunnen doki da masu caji maras kyau, kuma idan bambancin ya wuce kashi 5 cikin 100, to akwai matsala a gwajin ko a yadda aka shigar da shi. Abu na biyu shi ne abin da nake kira ma'aunin ƙoshi na kowane ma'adini. Idan lambar tana ƙasa da sifiri, ruwan yana da sauran yunwar wannan ma'adini kuma zai ci gaba da narkar da shi idan ya same shi. Idan tana sama da sifiri, ruwan ya ƙoshi har yana iya zubarwa. Ɗalibin da ya ga ruwan ƙauyensu ya ƙoshi da farar ƙasa amma yana da yunwar fulorait ya riga ya fahimci wani abu mai nauyi game da haƙoran ƙannensa.

A nan ne ya kamata in tsaya kan tarkunan da suka shafe mu musamman, mu da takardunmu ke fitowa da Faransanci. Wata rana wata ɗaliba ta zo mini da gwajin wata rijiya, ta ce manhajar ta lalace domin daidaiton cajin ya karkace ƙwarai. Muka shimfiɗa takardar ɗakin gwajin a kan tebur muka bi ta layi layi da bakin biro. Abu na farko, an rubuta alƙaluman da waƙafi kamar yadda aka saba a Faransanci, alhali manhajar ɗigo ta sani. Na biyu, an ba da ƙarfin alkali na ruwan da digirin Faransa, wanda kowane ɗaya daidai yake da miligiram 10 na kalsiyam kabonat, ko miligiram 12.2 na bikarbonat cikin lita, ita kuwa ta shigar da lambar yadda take. Na uku, ba ta gaya wa manhajar cewa awon da miligiram cikin lita aka yi ba, kuma idan ba a faɗa ba, manhajar takan ɗauka da wani ma'auni dabam mai suna milimol ne. Na huɗu shi ne nitrat, wanda idan ba a rubuta cewa a matsayin NO3 aka auna shi ba, babban kundin bayanan manhajar zai ɗauke shi a matsayin naitirojin zalla, sai adadin ya ninka fiye da sau huɗu. Da muka gyara waɗannan, lissafin ya zauna, kuma har yau ina tuna yadda ta yi shiru tana kallon allon kafin ta ce ashe rijiyar ba ta yi ƙarya ba, mu ne ba mu iya tambayarta ba. Haka ma zafin ruwa: manhajar takan ɗauka digiri 25 ne idan ba a faɗa mata ba, ruwan ƙarƙashin ƙasarmu kuwa yakan kai 30, kuma wannan bambanci yana taɓa narkewar ma'adinai.

Bayan an saba da ruwa a tsaye, sai a sa shi tafiya. PHREEQC tana da sashe mai suna TRANSPORT wanda ke kwaikwayon bututu cike da ƙasa, an raba shi ɗaki ɗaki, ruwa yana shiga ta wannan baki yana fita ta wancan. Misali na 11 a littafin jagorar ya nuna bututu mai ɗaki 40 wanda ƙasarsa ke riƙe da sodiyam da fotasiyam, aka tura masa ruwa mai kalsiyam da kulorayid. Kulorayid ya fara fitowa domin babu mai tare shi, sodiyam ya ci gaba da fita har ya ƙare, fotasiyam ya yi tsalle ya sauka, kalsiyam kuma ya zo daga ƙarshe bayan ya cika duk gurabun ƙasar. Wanda ya zana wannan da hannunsa ya gane dalilin da ya sa rijiya kan yi shekaru lafiya sannan ta juya farat ɗaya. Daga nan zai iya mayar da bututun hanyar da ke tsakanin tabkin unguwa da rijiyar makaranta, ko tsakanin ramin majema da lambun da ke gangare, ko tsakanin gonar rake mai shan takin zamani a kwarin Korama da rijiyar da manoman ke sha.

Sai bayan wannan mataki ne nake ganin ya dace a shiga MODFLOW, ta hanyar ModelMuse ga mai son zane a allo, ko FloPy ga wanda ya iya harshen kwamfuta na Python, tare da QGIS domin taswira. Ƙa'idar a nan ita ce kada a ɗora sinadari a kan tafiyar ruwan da ba a tabbatar da ita ba, domin idan zurfin ruwan da kwamfuta ta bayar bai yi daidai da wanda igiyar awo ta nuna a rijiyoyi ba, duk abin da aka gina a sama rusasshe ne. A kuma kiyaye girman ɗakunan lissafi, domin idan suka yi faɗi da yawa manhajar takan baza sinadarin fiye da yadda yake bazuwa a zahiri, mutum ya ɗauka ƙazanta ta tsarma alhali kuskuren lissafi ne. Akwai kuma gaskiyar da ta shafi cikin garin Zinder: waɗannan manhajoji sun fi dacewa da rairayi irin na Korama, wajen Matamai da Magariya, inda ruwa ke ratsa ko'ina, fiye da kwantaccen dutse inda ruwa ke bin tsaga ɗaya ya bar ta kusa da ita a bushe. Mai lissafin ruwan Birni ko Garin Malam dole ya faɗi wannan iyaka a fili cikin rahotonsa.

Ranka ya daɗe, da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ruwan cikin wannan aiki shi ne awo na gaskiya daga bakin rijiya. Na taɓa tsayawa a wani lambu a yankin Korama da sassafe, mai lambun ya jawo guga ya zuba a farin bokiti, ruwan garau kamar hawaye. Kafin mu gama gaisawa da tambayar iyali ya fara yin ɗorawa, da hantsi ya ɗaga kuma ya koma ja, tsatsa ta kwanta a gindin bokitin. Ƙarfen da ke narke a ƙasa inda babu iska ne ya haɗu da iska ya zube. Da an ɗebi wannan ruwa a gorar roba an ɗora a mota cikin rana, aka kai ɗakin gwaji bayan kwana uku, takardar da za ta fito ta wani ruwa ce dabam, domin ƙarfen ya zube, iskar kabon ta fita, pH ya hau. Shi ya sa ake auna pH da zafi da ƙarfin ɗaukar lantarki a bakin rijiya nan take, a tace ruwan da za a gwada ƙarafansa a ɗiga masa asid, a ajiye sauran cikin sanyi. Manhaja ba ta da hanyar sanin cewa an yi sakaci a nan. Abin da aka ba ta za ta lissafa, ta fitar da shi da lambobi masu kyan gani.

Wannan ya kawo ni ga roƙona ga hukumomi. Shekaru da dama ana haƙa foraj a wannan jiha, na gwamnati da na ƙungiyoyin agaji da na masu hali, kuma galibinsu an rubuta musu takardar da ke nuna irin ƙasar da aka ratsa mita bayan mita, da zurfin da aka samu ruwa, da gwajin farko. Na taɓa neman irin waɗannan takardu a wani ofishi, aka buɗe mini kabad na tarar gara ta cinye rabin wani kundi, sauran kuma babu mai ikon ba da izinin kwafa. Ina roƙon ma'aikatar da ke kula da ruwa ta ba ɗaliban Jami'ar André Salifou damar ɗaukar hoton waɗannan takardu su shigar da su kwamfuta, a ajiye a inda duk mai bincike zai samu, a kuma wajabta wa duk mai haƙa sabon foraj ya miƙa kwafin takardarsa da cikakken gwajin manyan sinadarai har da fulorayid da nitrat. Ina roƙon malaman jami'ar su sa PHREEQC cikin darasin aiki tun kafin shekarar rubuta kundin kammalawa. Da yake littattafan jagorar da Turancin Ingilishi suke, mu kuwa da Faransanci muka yi karatu, yana da kyau mu nemi 'yan'uwanmu na jami'o'in Kano da Katsina mu rubuta ɗan jagora da Hausa tare, tunda rairayi da dutsen da ke ƙarƙashinmu ba su tsaya a kan iyakar Magariya ko Maimujiya ba.

Ni dai a nawa ɓangaren na tara manhajojin da na ambata da littattafan jagorarsu a kan abin ajiya na USB, domin kada kuɗin intanet ya hana kowa, kuma a shirye nake in zauna da duk matasan da suka nuna sha'awa ranakun Asabar da safe, mu fara daga misali na ɗaya. Masu so suna iya aiko da saƙo ta hannun wannan jarida idan ka amince. Wanda ke da takardar gwajin rijiyar unguwarsu ko ta ƙauyensu, ko da ta shekara ashirin ce, ya zo da ita, da ita za mu fara.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka mai karatu,
Wani malamin ilimin ruwa,
Unguwar Zango, Zinder.